Yadda Zira Ya Sauko da Ni Rijiyar Mayo-Ulo

Ku samarin nan da kuke zaune kan mashinanku a inuwar dalbejiya kuna jiran fasinja, jiya na ji abin da kuka faɗa da na wuce da igiya a kafaɗa. Wai haƙar rijiya ai rami ne kawai, duk mai diga da ƙarfin tuwo zai iya. Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka kafin in shiga. Ku matsa mini benci in zauna.

Sunana Iliyasu, amma a Garwa Ilu mai rijiya aka sani. Gidanmu mahauta ne. Mahaifina a mayanka ya ƙare rayuwarsa, yayyena har yau suna riƙe da wuƙa, ni kaɗai ƙarnin jini ya kora. Na yi dako, na yi lodin yashi a bakin Binuwai, har na yi aure na haihu ba ni da tsayayyar sana'a. A wurin yashin nan na gamu da Zira.

Zira mutumin dutse ne, daga ƙauyukan bayan Mokolo, Kirista, ya girme ni da kamar shekara goma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu, in ta ƙare masa ya cika da Fulatanci. Ya zo sayen yashi, sai ya tsaya yana kallon yadda nake jefa shebur. Ya ce, "Kai ba ka gajiya?" Na ce ina gajiya, nunawa ce ba na yi. Ya ce, "To zo ka ja mini guga."

Rijiya ta farko da na yi aiki a kanta a wani gida ce bayan kasuwar shanu, kuma ban taka cikinta ba sam. Na daɗe ina jan guga kafin Zira ya bar ni in sa ƙafa a rami. Ku kuna ganin na ƙasa shi ne gwani, na sama lebura ne. To ran na ƙasa a hannun na sama yake. Tsakuwa kamar goro in ta faɗo daga baki, kafin ta kai gindi ta isa ta fasa kai. Don haka na sama yana share bakin rijiya da tafin hannu, ba ya tsayawa da sakakken takalmi, ba ya amsa gaisuwar mai wucewa in guga yana tafe. Ran nan matar gidan ta miƙo mini ruwa, na juya in karɓa, guga ya goge bango, ƙasa ta zubar wa Zira a ƙeya. Bai yi faɗa ba. Ya hau, ya ɗora mini dutse ƙarami a ka, ya ce in tsaya haka har ya gama cin abinci.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma ba na kasuwa ba ne yadda kuka san su. Digarmu gajeriyar ƙota gare ta, don a ƙasa babu filin da za ka ɗaga doguwa. Akwai dagi na huda ƙasa mai tauri, da shebur da aka yanke masa hannu, da guduma in an ci karo da dutse. A baki ana kafa gwafa biyu, a gicciya itace, a rataya puli. Igiya kuwa biyu ce. Ɗaya ta guga, tana bi ta kan puli. Ɗaya a ɗaure take a bishiya ko turke, tana rataye a jikin bango, ita muke kamawa mu sauka muna taka ƙananan ramukan da muka sassaƙa wa ƙafa. Kowace safiya Zira yana bin igiyoyin nan da yatsa daga kai har gindi kamar mai neman ƙaya.

Sannan ga ƙasa ita kanta, wadda kowace gaba da halinta. Gaba ita ce ma'auninmu, buɗe hannuwanka biyu, daga yatsa zuwa yatsa. Jar ƙasa amintacciya ce. Marmara tana wahalar da hannu amma ba ta cin amana. Laka in ta jiƙe tana kumbura. Farin yashi shi ne munafuki, yana tsaye yau kamar bango, gobe tari kaɗai za ka yi ya zubo. Maganinsa zoben siminti, wanda muke kira bis, a saukar da shi ya tare bango kafin a ci gaba. Akwai kuma iskar ƙasa. Rijiyar da ta kwana biyu a rufe, sai mun saukar da fitila tukuna. In wuta ta mutu, ba mai shiga, sai a yi ta saukar da reshen ganye ana ɗagawa har iskar ta sauya.

Masu ba da aiki kuwa, kowa da irin tasa. Wata Hajiya a Dugoi, can Maruwa, ta kafe sai an haƙa mata kusa da madafa don kada 'yan aiki su yi nisa, ga masai kuwa taku kaɗan daga wurin. Zira ya ce, "Hajiya, ka so ka sha abin da ka ci jiya?" Ta kore mu. Bayan sati ta aiko a kira mu. Wasu za su kawo mai duba ya nuna wuri da sanda, mu haƙa mu tarar da dutse, a ce mu ne ba mu da sa'a. Yanzu ga masu foraj, wato rijiyar burtsatse, da motarsu, su huda ƙasa cikin yini. Ban ƙi su ba. Amma talakan da ke ƙauye har gobe mu yake nema.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni kafin in kai ga muguwar shekara. Ba ni da katin shaidar ɗan ƙasa a lokacin. A wani ƙauye na tsallaken iyaka aka haife ni, aka kawo ni Garwa a goye, mahaifina kuma bai taɓa yi mini takardar haihuwa ba har ya rasu. Cikin gari ba wanda ya damu. A hanya ne abin yake ci mini rai. Duk shingen jandarma da muka iso, Zira ne yake sauka ya yi magana da Faransancinsa na makarantar mishan, ya ce ni ma'aikacinsa ne, katina yana gida. Ban da matata Hadiza, shi kaɗai ya san wannan.

Muguwar shekarar ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri, rijiyoyi suka ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Ga tashin hankali a kan iyaka, ana tsare baƙi, kowa yana kallon kowa. Siminti ya yi wuya. A cikin haka wani Alhaji dillalin shanu ya ba mu aiki a lambunsa, can bayan Mayo-Ulo, nesa da gidaje. Ya ce mu haƙa tukuna, in ya ga danshi da idonsa sai ya kawo siminti. Zira ya san ba daidai ba ne, ni ma na sani. Amma wata biyu ba mu sami aiki ba. Muka karɓa.

Mun wuce jar ƙasa, muka fasa marmara, sai ga farin yashi a wajen gaba huɗu, kaurinsa ya kai tsayin yaro. Zira ya tare shi da zana da turaku, muka ci gaba cikin laka. Da muka kai wajen gaba takwas, ƙasa ta fara sanyi a hannu. Ranar kasuwa ce. Leburan da Alhaji ya ba mu ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba. Duk filin ba kowa sai wata tsohuwa can gindin tsamiya da awakinta da jakinta. Zira ya ce shi zai sauka, yana so ya ga danshin da kansa.

Da hantsi, ina jan guga, na ji ƙara kamar an zazzage buhunan gero a lokaci ɗaya. Igiya ta yi sako-sako a hannuna. Ƙura ta taso daga ramin ta rufe mini ido. Na yi ta kiran sunansa, shiru. Can sai na ji tari.

"Ilu. Kada ka taka bakin nan na gabas. Zagayo ta wajen bishiya."

Na zagaya, na kwanta rub da ciki, na leƙa. Da ƙura ta lafa na hango kansa da hannu ɗaya. Sauran jikinsa yashi ya binne har ƙirji. Daga bango kuma wani siririn yashi yana ta zubo masa a wuya, bai tsaya ba.

"Yaya Zira, kana da rai?"

"Daga ƙirji zuwa sama. Sauran ban sani ba."

Na ciro waya, babu rezo, kira ba ya shiga. Na ce, "Bari in ruga gari in kira mutane." Na miƙe, har na fara tafiya. Gari kuwa da nisa, ba mu da mashin. Har yau in kun tambaye ni ko gari na nufa ko kuwa gudu kawai nake yi daga bakin ramin nan, ba ni da amsa. Ƙafa ce ta ɗauke ni.

Sai muryarsa ta fito daga ƙasa, wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ilu! Dawo ka ji. In ka tafi, kafin ka dawo na mutu, ka sani. Amma kafin yashi ya rufe bakina zan kira tsohuwar can. Zan faɗa mata mun yi faɗa, kai ka ture mini ƙasa ka gudu."

Na dawo bakin ramin. Na ce, "Me ka ce?"

"Ka ji ni. Kai Bahaushe, ba kati, ba takardar haihuwa, a bakin iyaka, a wannan shekara. Ni Kirista a cikin rami. Faɗa mini wa zai saurari bakinka. Hadiza ba za ta san inda aka kai ka ba."

"Yaya Zira, ni kake faɗa wa haka? Ni?"

"Kai. Kama igiya."

Na ɗaga kai na dubi tsohuwar. Tana zaune tana kallon wajenmu. A idona a lokacin, ta riga ta zama alƙali. Na ce da shi, "Bangon fa? Zai sake zubowa."

"Ya gama. Daga nan ina ganinsa, abin da zai zuba ya zuba. Na taɓa yi maka ƙarya a kan ƙasa?"

Bai taɓa ba. Duk shekarun da muka yi, in Zira ya ce ƙasa za ta tsaya, tana tsayawa. Na ɗauki kwanon da muke shan ruwa na cusa a riga, na yi bisimilla, na kama igiyar bishiya na juya baya na fara sauka.

Abin da ya fi rikita ni shi ne, ina sa ƙafa a ramin farko muryar ta sauya. Ta koma irin wadda ake lallashin yaro da ita. "Madalla, ɗan'uwa. Ƙafar hagu, ƙasa kaɗan. Ga shi nan. A hankali, ba mai korar ka." Bakin da ya gama sayar da ni yanzun nan, shi ne yake aza mini ƙafa.

Da na iso daidai farin yashin, na ga abin da yake gani. Yashin ya zube ya bar kogo a jikin bango, zanar ta tafi, marmarar da ke sama tana rataye ba abin da ya tokare ta, ga tsaga a jikinta da hannu zai shiga. Ko wanda ya fara aiki jiya ya san wannan bai gama ba. Na tsaya a kan igiya, sama da nisa, ƙasa da nisa.

"Kada ka kalle shi," in ji Zira. "Kalle ni."

Na sauka. Kada ku tambaye ni dalili. A nan kam na riga na san ƙarya ya yi mini, kuma hawa ya fi sauka sauƙi a wurin. Wani lokaci ina cewa tsoron jandarma ne ya ƙarasa da ni. Wani lokaci ina cewa idonsa na gani. Wani lokaci ina ganin kawai na saba in ya ce yi, in yi.

Yashin ya taru ne ta gefensa, ɗaya gefen da sauran wuri. Na durƙusa ina kwasa da kwano da hannu ina turawa baya. Shi yake ba da umarni, kamar kullum. "Ba nan ba, ta hammata. Kada ka jingina da bango. Kada ka yi magana da ƙarfi." Na fito da ɗaya hannun. Muka koma kwasa mu biyu. Ciki ya fito, ƙugu ya fito. Ya kama igiya ya ja jikinsa, ƙafa ɗaya ta zare, ɗayar ta maƙale a ƙarƙashin diga. Na sunkuya ina tono ƙotar, kaina a wajen gwiwarsa. Ban ji ƙarar komai ba. Abu kawai na ji ya sauka a kafaɗata ta dama, duniya ta yi baƙi.

Da na farfaɗo, fuskata tana cikin yashi, ƙafafuna a binne, hannun dama kamar ba nawa ba. Zira ya fita daga nasa ramin, yana zagaya mini igiyar guga ta ƙarƙashin hammata yana ƙullawa. Sai na ji tafin ƙafarsa a tsakiyar bayana. Ya taka ni, ya kama igiyar bishiya, ya hau. Ina jin numfashinsa yana nisa, yana nisa, har na daina ji.

Na zauna a wurin ni kaɗai, yashi yana zubo mini a kunne. Na ce shi ke nan, ya sami matakala ya fita. Na yi kalmar shahada. Ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Sai igiya ta miƙe. Zafin da na ji a kafaɗa, ban san jiki yana da irinsa ba. Aka fizge ni daga yashin kamar ana cire rogo, ina bugun bango, ina juyawa, har na ga haske. Da na fito, ga abin da na gani: Zira ya ɗaura igiyar a jikin jakin tsohuwar, yana jansa yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, ita kuma tsohuwar ta kama rigata tana ja da ɗan ƙarfinta. Kafin azahar sauran bangon ya rufta gaba ɗaya, har gwafa ɗaya ta bi shi.

Ina kwance a gindin bishiya na lura da wani abu. Zira yana yi wa tsohuwar magana da hannu, yana nuna gari, yana nuna ni. Da aka kai ni asibiti a Gidar, ɗanta ya zo gaishe ni, na ce ya yi mata godiya. Ya yi dariya ya ce sai dai ya nuna mata, ai ta fi shekara goma ba ta jin ko tsawa. Kuma ko da tana ji, yarensu na dutse kaɗai ta sani, wanda ba ɗaya ba ne da na su Zira. Zira kuwa tun ranar da muka fara aiki yake zuwa wurinta karɓar nonon akuya.

Ƙashin kafaɗa ya ɗinke a karkace. Ga shi, kun gani, hannun nan ba ya wuce nan. Ban sake riƙe diga a gindin rijiya ba. Watannin da na yi a kwance, Zira ne ya riƙe gidana. Dawa, mai, maganin yara, har kuɗin makaranta. Kuma duk inda ya zauna labari ɗaya yake bayarwa: ƙasa ta binne shi, Ilu ya sauko da kansa ba wanda ya sa shi. A masallacin unguwarmu aka yi ta nuna ni. Mutanen cocinsu suka zo gidana da kaji. Ina zaune ana sa mini albarka, ni kuwa ban san wanda ake yi wa ba.

Na faɗa wa Hadiza gaskiya. Ta ce, "Mugu ne. Ya auna ranka da nasa ya ga nasa ya fi." Ta ce kada ya sake taka mata zaure. Da yamma kuma ta tuƙa tuwo da dawar da ya kawo, muka ci. Babban wana, mahauci, cewa ya yi, "Ai dabbar da ta ƙi shiga mayanka haka ake mata, a tsorata ta ta baya." Ya ce in kai shi ƙara. Na ce in ce ya yi mini me? Ya fito da ni daga rami?

Na je wurin limamin unguwarmu, dattijo mai haƙuri. Ya saurare ni har na gama. Ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne takobin ko ni ne ruwan?" Sai ya ce, "In da ka tafi gari fa?" Na ce da ya mutu. Ya ce, "In da bai tsorata ka ba, da ka sauka?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "In da ya ce maka bango zai zubo, da ka sauka?" Na ce ban sani ba. Ya shafa gemu ya ce, "Ƙarya haramun ce, ceton rai wajibi ne, jefa wani cikin halaka kuma ba a yarda ba. Duka uku suna cikin ramin nan naku. Ka bar ni in duba." Har ya rasu bai kira ni ba.

Da na warke na koma aiki, kuma wurin Zira na koma. Wa zai ɗauki mai hannu ɗaya da rabi? Ya mai da ni kan zuba bis da tsaron baki, ya ɗauki wasu suna sauka. Bai ƙara karɓar aikin da ba siminti a ƙasa ba. Shi ne kuma ya yi ta jigila da ni zuwa kotu, ya nemo dattawan da suka san mahaifina, ya tsaya a kan maganar har na sami takarda na yi kati. Ranar da na karɓo, ya juya shi a hannu ya ce, "Yanzu ba mai tsorata ka." Ban san ko haƙuri yake ba ni ba, ko kuwa bulalar da ya dake ni da ita ce yake karyawa a gabana.

Sau ɗaya muka yi maganar. Muna zuba bis a wani gida a Pitowa, mu biyu, masu gida sun shiga ciki. Na ce, "Yaya Zira, ka san tsohuwar nan ba ta ji."

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Ka san bango bai gama ba."

"Na sani."

"In da na mutu fa?"

"Da na riƙe 'ya'yanka."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya ajiye cokalin gini. Ya ce, "Ilu, tsoro ne ya riƙe ka a sama. Ni ina ƙasa, hannu ɗaya gare ni da baki. Na duba abin da ya fi tsoro ƙarfi, ban samu ba sai wani tsoron."

Na ce, "Ka gwada roƙona? Ka ce, Ilu, don Allah sauko?"

"Ba lokaci."

"Wataƙila da na sauko."

Ya dube ni. Ya ce, "Wataƙila." Sai ya ɗauki cokalinsa. "Ƙaro ruwa, kwaɓin yana bushewa."

Wannan "wataƙila" ita ce ta fi kafaɗar damuna. Hannu na saba da shi. Amma ranar nan ita ce rana ɗaya a rayuwata da zan san ko ni mutum ne mai sauka ko mai gudu, shi kuma bai bari na sani ba. Sai kuma in juya in ce, to da wa zai gwada? Da ransa? Yashi yana wuyansa, ni kuma ya ga bayana na fara tafiya. In ni ne a ƙasa, ina da bakin da zan faɗi abin da ya faɗa? Na kan so in ce a'a. Amma ban taɓa zama a ƙasa da yashi a ƙirji ina kallon na sama yana juya baya ba.

Mun ƙara shekaru muna aiki tare, har ƙirji ya fara damunsa, ciwon da yake kama yawancin masu sana'armu saboda ƙura. Ya koma ƙauyensu. Bara aka bugo mini waya ya rasu. Hadiza ta ɗaure mini guzuri. Na hau mota zuwa Mokolo, daga can mashin ya hau da ni dutse.

Na tarar samari suna fama da kabari. Ƙasarsu dutse ce, suna ta dukan wuri ɗaya diga tana tsalle. Na tuɓe babbar riga, na nuna musu jijiyar dutsen, na karɓi guduma da hagu. Kafin rana ta take mun gama. Suka yi addu'o'insu da waƙoƙinsu, ni ina gefe. Mai wa'azinsu ya nuna ni ya yi magana da yarensu, duk aka juyo ana kallona, mata suna gyaɗa kai.

Bayan an watse, babbar 'yarsa Mariya ta zo ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Baba Ilu, duk shekarun da muka samu da shi bayan rijiyar nan, kai ka ba mu. Ya aurar da mu, ya ga jikoki." Sai ta rage murya. "Amma ya bar saƙo. Ya ce in ka zo mu tambaye ka ko ka yafe. Ya ce in ka ce a'a, kada mu matsa maka. Ba mu gane ba."

Na dubi tulin ƙasar da muka rufe. Na ce, "Na yafe," don abin da ake faɗa ke nan a kan wanda ya riga ya kwanta, kuma da na faɗa ban ji ƙarya a bakina ba. Sai dai ban san wanne na yafe ba, ƙaryar, ko kafaɗar, ko tafin ƙafar nan a bayana. Ban ma tabbata ba ko ni ma akwai abin da ya kamata in nemi ya yafe mini, na takun da na yi zuwa gari.

Mariya ba ta tashi ba. Ta ce, "Baba, me ya yi maka?"

Ƙannenta sun matso suna jira. Na buɗe baki, labari biyu suka taho tare, na rasa wanda zan fara fitarwa.

Na ce, "Sana'a ya koya mini, 'yata. Tashi ki kawo mini ruwa in wanke hannu."